Naman Kaza A Kasuwar Oyingbo: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda sammako ya kai shi kasuwar Oyingbo da ke Ebute Metta a tsakiyar damina, ko kuma cikin ruwan baya na watan Satumba da Oktoba, yakan ci karo da wani kaya wanda ba ya daɗewa a faifai. A ƙunshe yake zuwa cikin ganye, da sauran jar ƙasa a gindinsa, wani fari, wani ruwan toka, wani kuwa da doguwar saiwa kamar ta rogon da bai ƙosa ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi an saye shi, domin abu ne da ba ya kwana biyu bai lalace ba. Haka nan matafiyin da ya bi hanyar Shagamu zuwa Ore a wannan lokaci yakan ga yara a bakin titi suna ɗaga wa motoci shi.

Yarabawa suna kiransa olu, Ibo suna ce masa ero. Bahaushe kuwa sunaye biyu ya ba shi, kuma sunayen nan sun isa su nuna yadda zuciyarsa ta rabu a kansa. In yabo ya tashi sai ya ce naman kaza, saboda in an iya dafa shi tsokarsa takan yi kama da ta ƙirjin kaza a baki. In kuwa raini ne, sai ya ce laimar kwaɗi. Mafi yawan Hausawan Ikko a kan suna na biyu suke. Mutum zai shekara ashirin yana wucewa ta gaban faifan nan bai taɓa tsayawa ya ce, Iya, nawa ne ƙunshi ba.

Abin da ya sa wannan fili ya ɗauko maganar a wannan mako shi ne, halin rayuwa ya soma sauya wannan ra'ayi. A tsakiyar shekarar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma tun daga lokacin nama bai koma abin da talaka zai saya kullum ba. Magidancin da ya ga ana sayar da abu da kuɗi a kasuwa, sa'an nan ya wayi gari ya ga mai kama da shi ya tsiro kyauta a bayan ɗakin gadinsa, dole zuciya ta raya masa wani abu. To, a nan ne gizo ke saƙar.

Da farko dai ya kamata a san cewa naman kaza ba tsiro ba ne irin su dawa da gero. Ba shi da ganye, ba ya fure, ba ya neman rana. Dangin funfuna ne da yis ɗin burodi. Ainihin jikinsa wasu fararen zaruruwa ne masu kama da saƙar gizo, waɗanda ke ratsa ruɓaɓɓen itace ko ƙasa mai laima suna cin abin da ya mutu, wata da watanni ba wanda ya gan su. Laimar da ke fitowa bayan an yi ruwa tamkar 'ya'yan itace ce, aikinta kawai ta watsa iri, wanda ya fi ƙura laushi. Shi ya sa yake bayyana dare ɗaya, har mutanen da suka ɗauka tsawa ce ke haifar da shi.

Wanda ake kawowa Ikko daga ƙasar Kurmi yake fitowa, musamman dazuzzukan Jihar Ogun da Ondo, inda manyan itatuwan katako suke: iroko wanda Hausawa ke ce wa loko, da arere, da opepe, da afara, da dangin maɗaci. Mafi shahara a cikinsu shi ne gandun dajin Omo da ke ƙasar Ijebu, kimanin kilomita 135 daga Ikko. An keɓe shi tun 1925, faɗinsa ya kai hekta 130,000, kuma a 1977 hukumar UNESCO ta sa shi cikin dazuzzukan da duniya ke ji da su. A irin wannan kurmi rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. Ganye ya zuba ya ruɓe a kan ganye, gungume ya faɗi ya shekara yana shan ruwa. Wurin da naman kaza ke so ke nan.

Nemansa galibi aikin mata ne da yara, kuma ba yawon banza ba ne. Kowace mace tana da wurarenta. Ta san gungumen da ya ba ta bara, ta san kututturen kwakwar manjan da aka sare shekara biyu da suka wuce, ta san kwana nawa za ta ƙirga bayan ruwa mai ƙarfi kafin ta koma. Da asuba take fita, don ta riga tsutsa da dodon koɗi da kuma maƙwabciyarta. Ba ta koyi wannan a littafi ba. Tun tana ƙarama take bin uwarta, ana nuna mata, ana bugun hannunta in ta kai shi inda bai kamata ba.

Wani masanin tsirrai na Jami'ar Badun, B. A. Oso, ya bi ƙauyukan Yarabawa ya tattara wannan sani, ya buga shi a mujallar Mycologia a 1975. Kafinsa kuma M. H. Zoberi ya fitar da littafi a kan irin waɗannan halittu na ƙasashe masu zafi a 1972. Abin sha'awa a aikin Oso shi ne sunayen. Akwai takele, akwai ewe, akwai olu oran, 'yan ƙanana farare masu fitowa ɗaruruwa wuri guda kamar an watsa shinkafa. Akwai ogiri agbe, watau daddawar manomi, mai fita a kan ruɓaɓɓiyar kwakwar manja. Akwai wanda sunansa kansa gargaɗi ne, ajeimutin, ma'ana a ci amma kada a sha giya, domin haɗa su yana tayar da hankalin jiki. Akwai kuma wanda ma'anar sunansa ita ce, a ci a ji hayaniya daga sama. Za a dawo kan wannan na ƙarshe. Al'ummar da ta raɗa wa abu sunaye haka, ba shakka ta binne mutane kafin ta kai ga wannan sani.

Akwai wani kuma da ya fita daban, ohu a bakin Yarabawa, usu a bakin Ibo. Shi wannan dunƙule yake yi a cikin ruɓaɓɓen itace ko a ƙarƙashinsa, baƙi-baƙi a waje, fari fat a ciki, wani ya kai girman kwakwa, wani ya fi. Ba ya lalacewa da wuri, don haka ana samunsa a kasuwa ko da rani. Akan kankare shi a daka tare da agushi don miya ta yi kauri. In kuma aka binne shi a ƙasa mai laima ana yayyafa masa ruwa, sai ya riƙa fitar da laimomi ana tsinka.

Amma sarkinsu duka, a baki da a farashi, shi ne na suri. A nan Bahaushen karkara ba baƙo ba ne, domin wanda ya tashi a kudancin Zazzau, ko ƙasar Gwari da Nupe, ko gefen Filato, ya san naman kazan da ke fitowa a kan gidan gara da kewayensa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, gara ce ke noma shi. A can cikin suri akwai ɗakuna inda take tara ciyawa da itacen da ta tauna, ta gina su kamar saƙar zuma. A kan wannan saƙa take renon zaruruwan naman kaza, su kuma su narkar mata da itacen da cikinta ba zai iya narkarwa ba, sa'an nan ta ci. Ita ke daidaita masa zafi da laima ta hanyar ramukan iska da ta gina. In damina ta kankama sai ya huda ƙasa ya fito, da tsini a tsakiyar kansa, da doguwar saiwar nan wadda in an bi ta sai ta kai mutum har ɗakin gara. Wani Bafaranshe, Roger Heim, shi ya raɗa wa wannan dangi suna Termitomyces a 1942. Takele da ewe da olu oran duk 'yan wannan gida ne. Wani ɗan'uwansu da masana suka bayyana daga ƙasar Zambiya a 1980, faɗin laimarsa yakan kusa mita guda, guda ɗaya ya ishi iyali miya. Har yau ɗan Adam, duk da injunansa, bai iya noma shi a gona don kasuwa ba. Gara ta riƙe asirinta.

Masu tambaya ko ya halatta a ci, malamai ba su ga laifinsa ba matuƙar ba mai cutarwa ba ne. A cikin Buhari da Muslim akwai hadisin da ya yabi kam'a, sai dai a lura, ita kam'a dunƙulalliya ce mai girma a ƙarƙashin rairayin hamada, a Arabiya da Arewacin Afirka. Ba ita ce laimar da ke fita a kurmin Ijebu ba, kada wani ya ɗauki hukuncin wannan ya ɗora wa waccan har ya kai ruwanta ido.

Yanzu sai a dawo kan baƙo. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, goron da aka shuka a Agege da kewaye ya soma maye gurbin na Gwanja, fatake suka kafa zango, Ebute Metta kuma ta zama hedkwatar reluwe. Jikokinsu sun iya Yarabanci kamar 'yan gari, sun san kasuwa ciki da bai. Amma sanin gari daban, sanin daji daban. Ga kuma sababbin zuwa: masu gadi, da leburorin gonakin koko da goro, da masu saran itace da ke kwana a sansani cikin kurmi mako da makonni, nesa da kasuwa, nesa da asibiti. Wanda bai san naman kaza ba sam, ƙyamarsa ta tsare shi. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai rabin sani, wanda ya taɓa ci a garinsu, ya zo nan ya ga mai kama da shi.

Duniya ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba. A Turai akwai wani nau'i mai suna Amanita phalloides, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da hular mutuwa, kuma shi ke da alhakin kusan kashi 9 cikin 10 na mutanen da naman kaza ke kashewa a duniya. Rabin laima ɗaya ya isa ya kashe babban mutum. A watan Satumba na 2015 asibitin koyarwa na Hanoba a Jamus ya karɓi mutum fiye da 30 cikin 'yan kwanaki, yawancinsu 'yan gudun hijira daga Siriya, waɗanda suka tsinke shi suna zaton irin na ƙasarsu ne. Sai da aka buga takardun gargaɗi da Larabci da wasu harsuna aka manna a sansanoni. A 2021 wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, mai shekara 5 da mai 6, waɗanda aka kwaso daga Kabul zuwa wani sansani kusa da Warso a ƙasar Folan, sun rasu bayan iyalinsu sun yi miya da shi, ko da yake an yi wa babban dashen hanta. A daren shiga shekarar 2012 kuma, a Kanbera ta Ostareliya, wasu 'yan ƙasar Sin biyu, ɗayansu ma kuku ne, sun ci shi suka mutu. Abin da ake kyautata zaton ya ruɗe su shi ne kamarsa da wani nau'i da ake ci a ƙasarsu, wanda ɗan'uwa ne na jini ga ogiri agbe ɗin nan na Yarabawa. Dukansu biyu suna fitowa daga wani kwanso kamar ƙwai, dukansu suna da 'yar jaka a gindi. Duk waɗannan mutane ba jahilai ba ne. Saninsu ne bai haye iyaka tare da su ba. 'Yan ƙasar nan da ke tafiya Turai da Amurka karatu ko neman abinci, su ma su ji wannan.

A nan gida, wanda ya fi kusa da ƙofar mai gadi shi ne wancan na hayaniyar sama, wanda masana ke kira Chlorophyllum molybdites. Ba ya ɓuya a kurmi. A filin ciyawa yake fita, a harabar makarantu da gidajen ma'aikata da gefen filin ƙwallo, sau da yawa a jere kamar an zana da'ira. Fari ne, babba, kyakkyawa, da ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa a kansa da zobe a wuyansa, kai ka ce don tukunya aka halicce shi. Awa ɗaya zuwa uku bayan an ci sai amai da gudawa su ɓarke, wani lokaci har da jini. Babba mai ƙarfi yakan tashi bayan ya sha wuya, amma yaro ƙarami ko tsoho, ƙarewar ruwan jiki tana iya kai shi lahira. Alamarsa ita ce ƙarƙashin laimar yakan koma kore-kore in ya tsufa, kuma in aka kife laimar a kan farar takarda aka rufe da kofi ta kwana, za a tarar da ƙura mai launin kore. Sai dai rashin ganin koren ba shaidar lafiya ba ne, yana nufin dai ba wannan ba ne, wataƙila wani ne da ya fi shi.

Akwai gwaje-gwajen da jama'a suka gada, Kudu da Arewa, kuma wajibi ne a faɗi gaskiya a kansu. Ana cewa in tsutsa ko dodon koɗi ya ci, mutum ma zai iya ci. Ƙarya ne, cikinsu ba irin na mutum ba ne. Ana cewa a jefa cokalin azurfa ko albasa a tukunya, in ba su yi baƙi ba to babu dafi. Wannan ma ba shi da tushe. Ana cewa a ba kaza ko kare a jira a gani, alhali mafi munin dafi ba ya nuna kansa sai bayan an riga an cinye an wanke kwano. Ana cewa duk wanda ya fita a kan itace ko kusa da suri lafiyayye ne, alhali akwai 'yan ƙanana masu fita a kan itace da ke ɗauke da dafi iri ɗaya da na hular mutuwa, kuma ba abin da ya hana mugu ya tsiro a gefen suri. Tafasawa, da soyawa, da shanyawa, ba ɗayansu da ke kashe wannan dafi. Sabon yayi kuma shi ne a ɗauki hoto da waya a tambaye ta. Waya ba ta jin wari, ba ta tona gindi ta ga jaka, kuma ba ita za a kwantar a asibiti ba.

Yadda dafin nan ke aiki shi ne abin tsoro. Mutum zai ci ya kwanta lafiya, awa 6 har zuwa 24 ba ya jin kome. Sa'an nan ciwon ciki da amai da gudawa su taso su yini suna wahalar da shi. A rana ta biyu ko ta uku sai ya ji sauƙi, ya tashi ya zauna, har 'yan'uwa su yi hamdala. Alhali a daidai wannan lokaci hanta ce ke mutuwa. Daga nan sai ido ya yi rawaya, hankali ya gushe, ƙoda ta tsaya. Saboda haka duk wanda ya ci naman kazan daji ya ji ba daidai ba, musamman in alamun sun yi jinkirin zuwa, a garzaya da shi babban asibiti nan take, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Ebute Metta, ko asibitocin koyarwa na Idi Araba da Ikeja. A tafi da ragowar abin da aka tsinko ko sauran miyar, a kuma tafi da duk wanda ya sa hannu a kwanon ko da bai ji kome ba. Manja da madara da ake ɗura wa mutum ba makari ba ne, ɓata lokaci ne kawai.

Wani zai ce, to ai sai a bar wa matan Ijebu kayansu, mai so ya saya a hannunsu. Haka ne, wannan ya fi tsinka da kai nesa ba kusa ba. Amma su ɗin ma abin yana ƙare musu. An sare sassa masu yawa na Omo tun shekarun 1960 aka dasa malaina, wadda aka yi niyyar ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin da ita. Masu noman koko sun kutsa cikin abin da ya rage, har 'yan giwayen da suka saura a dajin suna neman wurin sa ƙafa. Maganin kashe ciyawa da na gara sun shiga gonaki. 'Yan matan da ya kamata su gaji iyayensu suna Ikko suna neman aiki. Ranar da tsohuwar da ta san bambancin takele da mai kama da shi ta kwanta dama, ba a kabari ɗaya za a yi hasara ba.

Abin mamaki, kurmin nan da kansa ya daɗe yana zuwa Ebute Metta, sai dai a kwance yake zuwa. Shekara da shekaru ana ɗaure gumagumai ana jawo su ta ruwa daga Ondo da Edo da Delta zuwa Oko Baba, inda injuna suka riƙa tsaga su. Duk wanda ya bi ta kan gadar Third Mainland tun da aka buɗe ta a 1990 ya san hayaƙin da ya riƙa tashi daga wannan gaɓa, na dusar katakon da ake ƙonawa don an rasa yadda za a yi da ita. Gwamnatin Jihar Legas ta gina wa masu wannan sana'a sabon mazauni a Agbowa Ikosi, amma ko ina injin ya koma, dusa za ta bi shi. Ita kuwa wannan dusa, in ta itace mai tauri ce wadda ba a zuba wa magani ba, ita ce abincin wani nau'in naman kaza mai kama da kunne, wanda ake nomawa a ɗaki, wanda kuma ba a taɓa shakkar lafiyarsa.

Aikin ba mai wuya ba ne ga mai haƙuri. Akan jiƙa dusar a bar ta ta ɗan ruɓe, a gauraya da dusar shinkafa da ɗan farar ƙasa, a ɗura a leda, a turara a cikin duro na wasu awoyi don a kashe sauran funfuna. In ta huce sai a zuba iri, wanda a kan ƙwayar dawa ake renonsa, dawar nan dai da ake saukewa daga Arewa a kasuwannin Ikko. A ajiye a ɗaki mai duhu mako uku zuwa huɗu har ledar ta yi fari, sa'an nan a buɗe bakinta ana yayyafa ruwa. Cikin 'yan kwanaki za a soma tsinka, kuma leda guda takan ba da girbi sau biyu ko uku. Cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi, wadda aka kafa a 1956, da Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Badun, duk sun daɗe suna aiki a kan wannan noma.

Kada dai a zuguguta. Kashi 9 cikin 10 na ɗanyen naman kaza ruwa ne, ba zai maye gurbin tsokar sa ba, kuma wanda aka noma a leda bai kama ƙafar na suri a daɗi ba. Yana kuma bukatar tsabta ƙwarai, leda ɗaya in ta kamu da koren funfuna tana iya ɓata ɗaki guda. Amma sana'a ce da ba ta neman fili, kuma otal-otal da manyan kantunan Ikko suna saye. Tun ranar 1 ga Yuni 2022 da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, har da ta Mainland inda Ebute Metta take, samari da yawa na unguwannin Hausawa suke laluben abin yi. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da sauran zangogi, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, suna da ikon tara samari ashirin su nemi a koya musu. Daga Ebute Metta zuwa Oshodi mota ɗaya ce.